Facin Oga Ben

Ku yaran da kuke zuwa shagona da kwamfuta a jakar goyo, kuna cika min benci kuna shan wutar janareta, jiya na ji ɗayanku yana cika baki wai sa hannu a manhajar da jama'a suka haɗu suka rubuta ba wani aiki ba ne. Wai ka kwafo, ka gyara, ka tura, kafin shayinka ya huce an karɓa. Lokacin ina tsakiyar buga wa wata mata takardar haya. Yau babu layi, sai ku gyara zama. Ni ma na taɓa kai gyara ma'ajiyar irin wannan manhaja daga nan Kafanchan, kuma ga ni da furfura amma ban gama gane abin da ya faru ba.

Aikin farko da na yi a wannan shago, a shekarar tamanin da bakwai, katin gayyatar biki ne na wasu mutanen Kagoro. Na zo daga Fadan Kaje da takardar shaidar koyon tafireta, ina ji da kaina kamar ni na ƙera injin. Na buga, na miƙa wa mai shagon. Ya ɗauko wata rula ta ƙarfe ya ɗora a gefen hagu na takardar, ya ga layi ɗaya ya leƙo waje da kamar faɗin ƙwayar gero, ya yaga ta a gabana.

"Saratu, ka sake," in ji shi. "A nan layi ba ya yawo."

Shi ne Oga Ben. Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe na garin nan aka haife shi, ya yi aiki a sashen sigina har ya ajiye ya buɗe shago kusa da tasha. Hausarsa irin ta kwatas ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. A hannunsa na koyi yanka sitensil, da jera kabon, da shafa jan ruwan gyara mai hawa kai, da juya injin kwafi har kafaɗa ta yi tsami. Amma babban darasin shi ne rular nan. Shekara da shekaru tana bin gefen takarduna, har ya zama ko a coci na buɗe littafin waƙoƙi na ga layi a karkace, sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Kwamfuta ta shigo mana ne ta hannun wani Fada na coci da zai koma ƙasarsu. Ya bar wa Oga tsohuwar na'urarsa, da jakar fayafai, da wani littafi mai kaurin bulo. Oga ya duƙufa a kai kamar mai shirin jarrabawa. Can wajen ƙarshen shekarun casa'in ya sayo modem, wani ɗan akwati da ake haɗawa da wayar tarho, mai tsuwa kamar gyare idan yana neman layi. Da shi muka fara aikin imel. Wasiƙun mutane suna taruwa ne a babbar kwamfutar wani kamfani a Kaduna, mu kuma mu buga waya can safe da yamma, mu ɗauko, mu buga a takarda, mu sa a ambulan. Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a waje, fastoci, masu neman makaranta, duk nan suke zuwa. Wanda ya fi kowa zarya shi ne Alhaji Tanimu, dillalin citta, wanda kakanninsa ma a kasuwar garin nan suka yi ciniki. Masu sayen cittarsa ta imel suke masa magana, shi kuwa bai yarda da abin ba ko kaɗan, sai dai ba shi da yadda zai yi.

Manhajar da ke ɗauko wasiƙun tana da wani hali mai ban haushi. Idan layi ya katse tana tsakiyar aiki, in aka sake bugawa sai ta koma wasiƙar farko ta faro daga nan. Layin Kafanchan zuwa Kaduna kuwa, hadari ya haɗu ya katse, iska ta kaɗa ya katse, wani lokaci ba dalili ma ya katse. Da damina sai mu wuni muna karɓar wasiƙun farko suna maimaita kansu, ta ƙarshe ba ta iso ba. Akwai ranar da Alhaji ya buɗe ambulansa ya tarar da wasiƙa ɗaya ta cika shi, ya dube ni ya ce, "Malama Saratu, mutumin nan yana zaton ni kurma ne?"

Wannan ne ya ƙure Oga. "Jirgi ya taso Fatakwal, ya lalace a Kafanchan," ya ce yana buga tebur, "sai ka mayar da shi Fatakwal ya sake tasowa? Wane irin madness ne wannan?" Ya buɗe cikin manhajar, domin irin wadda rubutunta yake a fili ce, kowa na iya karantawa. Ya yi makonni yana fama, ya ƙara mata wasu layuka da ke sa ta riƙe lissafin inda ta tsaya, kamar yadda ake rubuta tashar da jirgi ya wuce. Daga ranar, in layi ya yanke, sai ta ɗora daga inda ta kwana. Na yi murna har na yi guɗa a shago.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan wasu watanni aka kawo mana sabon fitowar manhajar a faifai, muka ɗora, sai ga tsohon halin ya dawo. Na ɗauka aljanu ne. Oga ya ce ba aljanu, gyaransa a kwamfutarmu kaɗai yake, bai shiga rumbu ba. Rumbu yake kiran ma'ajiyar, wato wata kwamfuta can wata ƙasa inda asalin rubutun manhajar yake zaune. Kowa a duniya na iya zuwa ya kwafa, amma mutane kaɗan ne ke da makullin zubawa a ciki. Duk sabon fitowa daga rumbun yake zuwa, don haka duk lokacin da ya zo sai Oga ya sake zama ya ɗinka gyaransa a jiki.

Alhaji yana zaune yana jiran wasiƙa lokacin da ake wannan bayani.

"Tsaya, Oga Ben. Rumbun nan na waye?"

"Ba na kowa ba, Alaji. Na everybody ne."

"Wa yake biyan masu aikin?"

"Ba a biya."

"Kuma kowa ya zo ya ɗiba, ba mai hana shi?"

"Ko kai ka iya ɗiba."

Alhaji ya gyara hularsa. "Ni dai tun da nake, kayan da ba shi da mai shi, ko na sata ne ko akwai abin da ke cikinsa. Ku dai yi a hankali."

Ni ma a zuciyata ra'ayin Alhaji nake bi. Na sha ce wa Oga ya aika musu da gyaran su zuba mu huta, sai ya ce gobe. Ina jin nauyi yake ji, tsohon ma'aikacin sigina ya je yana gyara wa Turawa aikinsu ba wanda ya aike shi.

Sai muguwar shekarar ta zo. Tsawa ta ƙona mana modem da farkon damina, da ƙyar muka sayo wani, man fetur ya ɓace, janareta ya zama kayan ado. Muna cikin wannan, ranar wata Lahadi Oga ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar sujada. Da ya fito daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, harshensa ya yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma. A daidai wannan lokaci kamfanin Kaduna suka canza injinsu, tsohuwar manhajarmu mai gyara ta daina shiga. Sabuwar tana shiga, amma ba gyara a jikinta. Matar Oga, Madam Ngozi, ta zo shago ta faɗa min ba ɓoye-ɓoye cewa kafin Kirsimeti za ta tafi da shi gida can gabas, kuma ba dawowa.

Na zauna na yi tunani. Ni mai buga rubutu ce. Zan iya kunna manhaja, zan iya bin umarni, amma ɗinka gyaran nan a jikin kowane sabon fitowa ya fi ƙarfina. In Oga ya tafi gyaransa bai shiga rumbu ba, to duk ranar da aka sake canza wani abu, aikin imel ya mutu a shagon nan, kuma shi ne yake riƙe da shagon. Tsoro ya kama ni sosai. Na je gidansa na durƙusa kusa da kujerarsa na faɗa masa haka. Ya nemi biro, ya rubuta min umarnin kwafo rumbun da hannun hagu, haruffan suna tangaɗi.

Tafiyata Kaduna don kwafo rumbun ita ce aikin da ya fi ɗaure min kai a lokacin. Layinmu ba zai iya jan kaya mai yawa haka ba, sai na kwana wurin yayata a Sabon Tasha, da safe na shiga gari wani shago mai layi mai ƙarfi. Na buga umarnin harafi bayan harafi. Rumbun ya tambaye ni kalmar sirri. Oga kuwa bai ba ni ba. Mai shagon ya leƙo ya nuna min shafin bayanin manhajar, ga kalmar sirrin nan a rubuce ɓaro-ɓaro don kowa ya gani. To ina amfanin kwaɗo in an rataye makullin a jikinsa? Na buga, ƙofa ta buɗe, sunayen fayiloli suka fara zubowa. Wallahi sai da na waiwaya bayana, ina jin kamar wani zai dafa kafaɗata ya ce ke, wa ya ba ki izini? Ba wanda ya zo. Na juye a fayafai, na naɗe su cikin leda da zane, na rungume su a mota har Kafanchan.

Aka riƙa kawo Oga shago a bayan mashin, wani na riƙe da shi. Ya zauna gefena da rular a hannun hagu, yana nuna min wuri a fuskar kwamfuta, ni ina bugawa. In na yi daidai ya gyaɗa kai, in na kauce ya ƙwanƙwasa tebur. Muka ɗinka gyaran a sabon kwafin, muka gwada, ya yi aiki. Ranar Oga ya gaji ƙwarai. Da za a fita da shi ya nuna min adireshin masu rumbun ya ce, da ƙyar, "Ka aika."

Da ya tafi na zauna ni kaɗai na dubi rubutun nan da kyau, karo na farko. Jama'a, ban taɓa ganin ƙazamin aiki irinsa ba. Wani layi ya shige ciki, wani ya fito waje, wani ya yi tsawo har ya faɗa bayan gilashin kwamfuta. Wannan ya bar fili biyu, wancan ya bar takwas. Ana gani an san hannu da yawa ne, kuma ba wanda ya taɓa ɗora musu rula. A gidanmu in ka ari tukunya, ba ka mayar da ita da ƙanzo. Ka wanke ta ciki da waje, in da hali ma ka sa ɗan wani abu a ciki. Mutanen nan sun ba mu kayansu kyauta, ni kuma abin da na iya ke nan. Sai na ce bari in yi musu alheri.

Na bi fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya na miƙe su. Ban canza kalma ko ɗaya ba, na san iyakata. Fili kawai na daidaita, na karya dogayen layuka, na jera komai ya tsaya cak kamar 'yan kwaya ranar bikin girbi. Kwanaki na yi ina wannan tsakanin aikin kwastomomi. Da na gama na gwada, manhajar tana aiki lafiya lau. Na rubuta wasiƙa da Turancina na makaranta, na gaishe da mai rumbun, da iyalinsa, da abokan aikinsa, na tambayi gajiya da sanyin ƙasarsu, na ba da labarin ciwon Oga, na rufe da addu'a. Sannan na ɗaure manhajar gaba ɗayanta na aika. Ai in ka gyara wa mutum rediyo, rediyon kake mayar masa.

Washegari da na buga Kaduna, sai wasiƙu suka fara shigowa ba ƙaƙƙautawa. Ashe adireshin ba na mutum ɗaya ba ne, zaure ne, duk abin da ka aika sai ya je wa kowane mai aiki a manhajar a duk inda yake. Na farko da ya iso ma ƙunshina ne, zauren ya dawo min da nawa kason. Bayansa ga wani yana faɗa wai na toshe masa akwati. Wani yana dariya. Wani ya yi wa Oga fatan samun sauƙi. Wani ya rubuto da yaren da ban san ko na wace ƙasa ba ne. Sai wani ya ce ai gaskiyar matar nan, rubutun ya daɗe yana bukatar gyara, fili huɗu ya kamata a riƙa bari. Wani ya ce a'a, takwas. Shi ke nan suka kaure da faɗa a tsakaninsu, suka manta da ni sam, kuma duk faɗan a akwatinmu yake sauka. Wasiƙar Alhaji tana can bayan wannan tarkace, ga lokacin sabuwar citta ya kawo kai, ga shi zaune a benci yana kaɗa ƙafa.

A tsakiyar hayaniyar akwai wata gajeriyar wasiƙa daga wanda muka gane shi ke riƙe da makulli. Haruffa uku kawai yake sa wa a matsayin suna, ban san ko namiji ne ko mace ba, yaro ko tsoho, sai muka sa masa Mai Makulli. Ba sallama, ba gaisuwa. Ya ce tunanin gyaran yana da kyau, amma ba ya ganinsa, domin an taɓa kowane layi. A aiko da faci kawai, kuma a kan kwafin yau.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi wa mutum wanki da guga, ya ce bai ga rigarsa ba? Na buga wasiƙar a takarda na kai wa Oga gida, na tarar da Alhaji ya zo duba shi. Na karanta musu, na faɗi abin da na yi, ina jiran a taya ni jin haushi. Oga ya dube ni. Sai kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa, rabin bakinsa ya buɗe, wani sauti ya fito. Madam ta fito da gudu daga kicin tana kiran sunan Yesu, ta ɗauka ciwon ne ya tashi. Dariya yake yi, ta farko tun da ya faɗi, har da hawaye.

"Ka... miƙe... duka?" ya ce.

"Duka, Oga. Kai ka koya min."

Ya sake fashewa. Alhaji ya ce, "Ni ban san kan abin nan naku ba, Malama Saratu. Amma in na kai tayar mota wurin mai faci, ya dawo min da ita ya shafe ta da fenti gaba ɗaya, ta ina zan san inda ya liƙe, balle in duba ko ya liƙu?"

"Amma ai ta fi kyau, Alhaji."

"Ta fi kyau. Sai dai ba zan hau ta zuwa Kachia ba."

Washegari aka kawo Oga shago ya nuna min wani ɗan umarni da ake kira dif. Aikinsa ya jera tsohon rubutu da sabo, ya fitar da layukan da suka bambanta kawai. Abin da ya fitar shi ne faci, shi ake aikawa, shi Mai Makulli zai karanta ya auna kafin ya zuba. Muka gwada shi a kan aikina. Rubutu ya riƙa gudu a fuskar kwamfuta ba ya tsayawa, domin a wurin dif, fili ɗaya da na matsar canji ne. Gyaran Oga yana can ciki ya nutse. Da taimakon biro da ishara ya ƙara fahimtar da ni cewa a wannan lokacin akwai wasu mutane a wasu ƙasashe da ke aiki a kan layukan nan, kowa da nasa kwafin. In aka zuba nawa, aikin kowannensu ba zai ƙara zama a wurinsa ba. Kamar a gayya ne kowa na riƙe da kunyarsa, ni kuma na bi gonar na baje kunyoyin don ta yi kyan gani. Na ji bayanin. Amma na tambaye shi, to yaushe za a miƙe layukan? Ya ɗaga kafaɗa. Har yau ba wanda ya ba ni wannan amsa.

Saura batun kwafin yau. Na ce wato sai na sake komawa Kaduna? Oga ya girgiza kai. Akwai umarnin da ke ɗauko abin da ya canza a rumbu kawai tun ranar da ka kwafa, kuma layinmu zai iya jan wannan. Na gwada a kan kwafin da na miƙe, sai komai ya hargitse, wasu alamu kamar kan kibiya suka cika fayilolin, manhajar na cewa nawa da nasu sun yi karo. Allah ya taimake ni fayafan Kaduna suna nan ban taɓa su ba, don mai tafireta ba ta yar da kabon. Muka juye su, muka sake ba da umarnin, ya wuce sumul. Sai ga wani abin mamakin: a 'yan makonnin nan rumbun ya motsa. Wurin da gyaran Oga yake zama an raba shi biyu, an kai rabi wani fayil. Ni da na ɗauka rumbu abu ne da ke tsaye wuri ɗaya.

Sake ɗinka gyaran shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi a kan keyboard. Ba don yawansa ba. Dole in shigar da layukan Oga a karkace, daidai da karkatar maƙwabtansu, in kuma wuce ta gaban layin da ya leƙo waje in bar shi. Hannuna yana zuwa da kansa. Duk lokacin da yatsana ya nufi wurin, sai in ji ƙarfe mai sanyi a bayan hannuna. Rular nan ce, wadda ta sa aka yaga min katin biki.

"Ka bar shi," in ji Oga. "Ba naka ba."

Da muka sa dif, facin bai cika shafi ɗaya ba. Na dube shi na ji kunya, wai wannan ɗan abin za mu aika wa mutane bayan duk wahalar nan. Oga ya ce kar in sa gaisuwa. Na sa layi ɗaya duk da haka, ba a haife ni a daji ba.

Sai shiru. 'Yan zauren suna can suna faɗansu a kan fili. Madam ta fara sayar da kujeru, ta ɗaure kwanuka a buhu. Kullum in buga Kaduna safe da yamma, ba komai daga Mai Makulli. Na rasa ko fushi ya yi, ko ya mutu, ko facin ne bai isa ba, kuma ba ƙofar da zan je in ƙwanƙwasa. Ana saura kwana kaɗan tafiya ya rubuto da tambaya: in wuta ta ɗauke daidai lokacin da manhajar ke rubuta inda ta tsaya fa? Oga ya karanta, idonsa ya yi haske, irin na wanda ya gamu da ɗan'uwansa ma'aikaci. Ya sa na canza layi biyu, muka sake aikawa. Amsar da ta biyo baya ita ce: an saka, na gode.

Shi ke nan. Ba hatimi, ba rasit, ba sa hannu. Na juya takardar ko akwai wani abu a baya. An saka a ina? Ta yaya zan sani?

Ranar tafiya da hantsi, mota na tsaye a ƙofar shago an ɗaure katifa a samanta, Oga ya ce sai an shigo da shi. Madam tana ta duba agogo. Alhaji ya zo sallama. Oga ya zauna a kujerarsa ya nuna kwamfuta da rula.

"Ka goge namu."

"Oga?"

"Gyaran. Ka goge. Ka ɗauko... na rumbu."

Na cire gyaranmu, na mayar da kwafin yadda yake ba hannunmu a ciki, na ba da umarnin ɗauko na yau. Modem ya yi tsuwarsa, fayiloli kaɗan suka sauko. Na haɗa manhajar, na buga Kaduna. Wasiƙu suka fara shigowa, ta wani fasto, ta wata ɗaliba, ta Alhaji ta fara leƙowa. Sai Oga ya miƙa hannun hagu bayan tebur, ya kama wayar tarho, ya fizge ta daga bango.

Alhaji ya miƙe tsaye. "Kai, Oga Ben! Wasiƙata!"

Oga bai kula shi ba. Ya miƙo min bakin wayar. Na durƙusa na mayar, na sake bugawa. Har Madam ta daina duba agogo. Layi ya kama. Manhajar ta tsallake ta fasto, ta tsallake ta ɗalibar, ta ɗora daga wasiƙar Alhaji.

Wannan ba kwafinmu ba ne. Daga can ya zo, daga wurin mutanen da ba su taɓa jin sunan Kafanchan ba, kuma ya san inda ya tsaya. Na fashe da kuka ban shirya ba. Oga ya ɗaga rular sama a hankali, ya sauke ta kamar hannun siginar jirgin ƙasa, ya ajiye ta a kan keyboard ɗina.

"Hanya ya buɗe," ya ce. "Ka wuce."

Aka ɗauke shi aka sa a mota. Bai ƙara ganin wata damina ba. Manhajar kuwa ta yi ta sabon fitowa bayan nan, ina ɗorawa ba fargaba, har lokacin da wayar hannu ta zo ta kashe mana aikin imel gaba ɗaya. Mai Makulli ban taɓa sanin ko waye ba, kuma da na leƙa rumbun bayan shekaru, layukan suna nan a karkace yadda na bar su.

Don haka kai mai cewa kafin shayi ya huce, ranar da za ka tura naka, kawo min in gani tukuna. Rular tana nan cikin aljihun teburin nan. Sai dai kar ka tambaye ni ko don in miƙe layi ya bar min ita, ko don in riƙa bugun hannuna.